Dogon Benen Gilashi a Tsakiyar Abuja: Shin Ya Dace da Ƙasarmu?

Ɗan_Garki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana gaban masana gini da ke cikin wannan zaure, game da benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke kan titin Constitution a tsakiyar Abuja, waɗanda kamfanin Churchgate ya gina. Biyu ne suka tsaya zuwa yanzu, ɗaya mai hawa 24 na gidajen kwana, ɗayan kuma mai hawa 22 na ofisoshi, kuma gilashi ne ya mamaye fuskar ginin, musamman na ofisoshin. Ba na musun cewa sun yi kyau a ido. Abin da ke damuna shi ne ko irin wannan fasali ya dace da garin da rana ke ƙuna kamar yadda take yi a watannin Maris da Afrilu, ga kuma wutar lantarki da ba ta tsayawa. A ganina an ɗauko fasalin ƙasashen sanyi, inda mutane ke neman rana ta shigo musu ɗaki, aka dasa shi a inda kowa ke gudun ta. Tambayata ta biyu ita ce, me dogon bene yake ƙara wa mutumin da ke tafiya da ƙafa a gefen titin da aka gina shi?

Mai_Zanen_Gini:
Wa alaikumus salam Malam Ɗan_Garki. Tambayarka tana kan hanya, amma gilashi iri-iri ne. Wanda ake sa wa manyan benaye na zamani yawanci falle biyu ne da iska a tsakani, kuma akan shafa masa wani siririn sinadari da ke mayar da kaso mai yawa na zafin rana waje yana barin haske ya wuce. Ya yi nisa da gilashin tagar gidajenmu. Duk da haka ina tare da kai a wani ɓangare, domin gilashi komai tsadarsa ba ya tare zafi kamar bangon da aka yi wa inuwa. Abuja tana kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, saboda haka da tsakar rana ranar tana bisa kai ne, kuma fuskar arewa da ta kudu suna da sauƙin karewa da ɗan rufin da ya fito a saman taga. Wahalar tana gabas da yamma, inda rana ke shigowa a kwance da hantsi da kuma la'asar. Mai zane da ya san aikinsa yakan juya gini ta yadda dogayen fuskokinsa za su kalli arewa da kudu, ya rage tagogi a yamma.

Tsohon_Ma'aikaci:
Wannan ilimi ba sabo ba ne a Najeriya. Duk wanda ya ga ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan, wanda Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a shekarun 1950, zai ga yadda aka yi masa bango mai huji-huji na kankare a gaban tagogi, iska tana ratsawa, rana ba ta samun hanya. Gine-ginen gwamnati da yawa na wancan zamani a Kaduna da Zariya suna da baranda mai zurfi da ginshiƙai masu ba da inuwa. Waɗanda suka zana su sun san cewa ba kullum za a dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Yau idan wuta ta ɗauke a ofishin da tagarsa ba ta buɗuwa, cikin ɗan lokaci ba mai iya zama.

Injiniya_Bichi:
Ranka ya daɗe, akwai dalilin da ya sa ba a cika barin taga ta buɗu a hawa na ashirin ba. Iska a can sama ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma abin da ya faɗo daga wannan tsayi, ko ƙaramin abu ne, yana iya halaka mai wucewa. Akwai kuma dalilin nauyi. Bangon gilashi da alminiyam da ake ratayawa a jikin gini ya fi bangon bulo sauƙi ƙwarai, kuma duk nauyin da aka rage a sama an rage wa ginshiƙai da harsashi ne. Ana haɗa shi a masana'anta, a kawo shi falle-falle, ƙugiya ta ɗaga shi a ɗaure, aiki ya yi sauri. Saboda haka ba kwalliya kaɗai ce ta sa 'yan kwangila ke son sa ba.

Ɗan_Garki:
Na gode Injiniya. Amma sauƙin da aka samu lokacin gini, ashe ba mai haya ne zai biya shi da kuɗin dizal har iya rayuwar ginin ba?

Hajiya_Wuse2:
Wannan ita ce maganar da ban taɓa jin masu zane suna yi ba. Na yi aiki a wani ofishi da ke hawa na tara a wani bene mai gilashi, kuma kuɗin hidimar gini da ake karɓa a hannun masu haya ban da kuɗin hayar kansa yana da nauyi sosai, mafi yawansa kuma na janareta ne da na'urar sanyaya ɗaki. Waɗanda teburinsu ke gefen yamma sukan saki labule tun bayan azahar, sannan su kunna fitila, wato dai hasken da aka yi gilashin dominsa an toshe shi. Ga kuma hunturu, lokacin da ƙura ke kwanciya a jikin gilashin har ya dushe, sai an ɗauko masu wankewa da ke sauka da igiya daga rufi. Mai zane yana miƙa makulli ya tafi, mu ne ke zama da ginin.

Mai_Zanen_Gini:
Hajiya, abin da kika faɗa game da labule da fitila shi ne babbar hujja a kan wannan fasali, kuma ana koyar da shi a makarantun zanen gini. Sai dai sau da yawa mai kuɗin ne ke zuwa da hoton wani gini na Dubai ya ce irinsa yake so, domin ya san manyan kamfanonin da za su kama haya suna auna darajar ofishi da ƙyallinsa. A birnin Harare na Zimbabwe akwai ginin Eastgate da aka buɗe a 1996, wanda Mick Pearce ya zana ta yadda iskar dare mai sanyi ke ratsa kankaren ginin, da rana kuma kankaren ya riƙa shanye zafi, ba tare da babbar na'urar sanyaya ɗaki irin ta sauran ofisoshi ba. Ana iya yi a Afirka, an kuma yi.

Birkila_Zariya:
Ina neman afuwar manya, ni abin da ya fi damuna ba fatar gini ba ce, ƙashinsa ne. Na yi shekaru ina aikin kankare, kuma na ga wurin da mai gini ke tsayawa a kan leburori yana cewa a ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saurin zuba, ko a rage buhun siminti, ko a sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16. A gida mai hawa ɗaya Allah yakan rufa asiri. A gini mai hawa ashirin kuwa ginshiƙin ƙasa yana ɗauke da duk abin da ke bisansa, ba ya yafe kuskure. Gilashi mara kyau asarar kuɗi yake jawowa, kankare mara kyau kuwa rai yake ci.

Injiniya_Bichi:
Malam Birkila ya taɓo asalin magana. A aikin da ake yi bisa ƙa'ida, duk lokacin da aka zuba kankare ana ɗibar samfuri a ƙananan akwatuna, a jiƙa su a ruwa, a kai ɗakin gwaji a matse wasu bayan kwana 7, wasu bayan kwana 28, don a ga ko sun kai ƙarfin da aka tsara. Kafin wannan ma akwai gwajin ƙasa, inda ake haƙa ramuka masu zurfi a gano abin da ke ƙarƙashin filin. Abuja ta yi sa'a domin a wurare da yawa dutse yana kusa, saɓanin Legas da ke kan yashi da laka, inda dole a kafa dogayen turaku na kankare zuwa ƙasa mai ƙarfi. Ko Burj Khalifa mai tsawon mita 828 yana zaune ne a kan turakun da suka nutse kimanin mita 50.

Abin da ya faru a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya isa darasi. Bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta, mutane fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin kansa. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta Jihar Legas na lokacin ya ce izinin hawa 15 aka bayar. Daga baya kuma wata wasiƙa ta fito wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun farkon 2020, yana janye hannunsa domin ba zai iya tabbatar da ingancin ginin ba. Wato an yi gargaɗi a rubuce, kuma aiki bai tsaya ba.

Maman_Khalifa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mafi yawan waɗanda suka rasu leburori ne da masu sana'ar hannu da suka fita neman abincin iyalansu. Mu ma a Kano mun ga ruftawar benen titin Beirut a watan Agustan 2022, kuma shi hawa uku ne kawai. Idan ba a iya sa ido a kan hawa uku ba, ina fargabar ranar da za a fara hawa ashirin a tsakiyar kasuwa.

Lauya_Kaduna:
Dokoki ba su yi ƙaranci ba, Malama. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, akwai COREN mai rajistar injiniyoyi, da ARCON ta masu zanen gini, da CORBON ta magina, ga hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da sashen kula da gine-gine na Abuja. Matsalar ita ce mai gini yakan nemi hatimin ƙwararre a kan takarda don ya sami izini, sannan ya sallame shi ya ci gaba da aiki da wanda ya fi araha. Ina ganin ya kamata mu yi adalci ga benayen da Ɗan_Garki ya ambata, domin ba wanda ya kawo wata hujja a kan ƙarfinsu, kuma bai dace a haɗa su da na Ikoyi a magana ɗaya ba tare da an bambance ba.

Ɗan_Garki:
Haka ne Lauya, ban yi zargin ingancinsu ba. Tambayata a kan fasali ce da kuma alaƙar ginin da titi, kuma har yanzu ba wanda ya taɓa ɓangare na biyun.

Ɗaliba_ABU:
Bari in gwada, Malam. Abin da malamanmu ke nanatawa shi ne cewa hawa biyu na ƙasa sun fi sauran muhimmanci ga gari, domin su kaɗai mai tafiya da ƙafa yake hulɗa da su. Idan akwai shaguna da rumfa mai inuwa da ƙofofi da ke buɗewa kai tsaye zuwa titi, ginin ya zama ɓangaren gari. Idan kuwa katanga ce da shingen ƙarfe da filin ajiye motoci, to tsayinsa bai amfani kowa a ƙasa ba. Tsakiyar Abuja, wadda Kenzo Tange na Japan ya yi wa tsari bayan babban tsarin birnin na 1979, tana da faffaɗan tituna da filaye manya, amma yawancin gine-ginenta sun ja da baya sun kewaye kansu, shi ya sa tafiyar ƙafa daga wannan ofishi zuwa wancan take da wuya da rana, da dare kuma wurin ya yi tsit. Na san matsalar tsaro ce ta ƙara tsawon katangun, musamman bayan harin da aka kai ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2011, amma sakamakon dai shi ne titi ba na masu ƙafa ba ne.

Bahaushen_Landan:
Ina so in ƙara a kan maganar Ɗaliba da wani misali daga nan Landan. Akwai bene mai tsawon mita 160 a lamba 20 titin Fenchurch, wanda Rafael Viñoly ya zana, samansa ya fi ƙasansa faɗi. Fuskarsa ta kudu gilashi ce mai lanƙwasa, kuma a 2013, tun ba a gama shi ba, ta tattara hasken rana ta harba shi kan titin da ke ƙasa har ya narkar da sassan wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye. Sai da aka bi fuskar da ƙarafan inuwa. Bayan haka mutane suka yi ta ƙorafin iskar da ke dukan ginin ta gangaro ƙasa da ƙarfi, kuma a 2019 hukumar tsakiyar birnin ta fitar da ƙa'idojin gwajin iska ga sababbin dogayen gine-gine. Idan ranar Ingila ta yi wannan, sai a yi tunanin abin da ranar Sakkwato za ta yi da irin wannan kuskure.

Malam_Na_Zaure:
Akwai haƙƙin maƙwabci wanda ban ji an ambata ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayani a kan hana mutum buɗe taga ko ƙofar da za ta ba shi damar leƙen cikin gidan maƙwabcinsa, bisa ƙa'idar cewa babu cuta babu cutarwa. Gidan Bahaushe tsakar gida ne a buɗe, nan iyali ke girki da wanki da hutawa. A tsakiyar Abuja wannan ba matsala ba ce domin ofisoshi ne ke kewaye, amma a Kano da Katsina da Zariya, inda ake rushe gida a cikin unguwa a ta da bene, mutum ɗaya yana iya tone asirin gidaje goma. Duk hukumar da za ta ba da izinin tsayi ya kamata ta dubi inda tagogi da baranda suka fuskanta.

Lauya_Kaduna:
Allah ya saka wa Malam. Ko a Amurka ƙorafin maƙwabta ne ya taimaka wajen haifar da dokar tsara gine-gine ta birnin New York a 1916, bayan da ginin Equitable ya tashi sak daga bakin titi ya rufe wa na kusa da shi haske. Dokar ta tilasta wa bene ya riƙa ja da baya yayin da yake ƙara tsayi. Su haske suke karewa, mu sutura da iska za mu kare, amma tushen ɗaya ne.

Kwana_Kwana_01:
Ni ma'aikacin kashe gobara ne, kuma ina roƙon a saurare ni. Tsanin motar kashe gobara da aka fi samu yana kai wa kimanin mita 30 ne, wato wajen hawa goma. Abin da ya wuce nan, ginin ne zai ceci kansa da mutanensa: matakala biyu a wurare daban-daban, ƙofofin da ke tare wuta da hayaƙi, bututun yayyafa ruwa a silin, tankin ruwa na musamman da famfon da ke da janaretansa. Gobarar Grenfell a Landan a watan Yunin 2017 ta ci rai 72 a bene mai hawa 24 da ke da matakala ɗaya tak, kuma abin da aka lulluɓe bangon waje da shi ne ya kai wutar sama cikin gaggawa. A nan gida ginin NET na Legas ya ƙone a 1983, Cocoa House na Ibadan mai hawa 26 ya ƙone a 1985. Saboda haka ina ce wa Malam Birkila, fatar gini ma tana cin rai. Abin da na fi gani a aikina kuwa shi ne matakalar gudun gobara da aka mayar sito, ko aka garƙame da kwaɗo saboda ɓarayi.

Alhaji_Fagge:
Ina goyon bayan wannan bawan Allah. Ina kuma so a yi maganar lifta, domin duk alhajin da ya sauka a dogayen masaukan da ke kewaye da Harami a Makka ya san yadda jiran lifta yake idan an kusa kiran salla. Can wuta ba ta ɗaukewa ma ke nan. Dattijo mai ciwon gwiwa da ke hawa na goma sha biyar, ranar da lifta ta lalace ana jiran kayan gyara daga waje, ya zama fursuna a gidansa.

Ɗan_Mararaba:
Da alama zaure ya karkata ga sukar dogon bene, ni kuwa ina da ra'ayi dabam. Kullum dubban ma'aikata ke fitowa daga Mararaba da Nyanya da Kubwa da Lugbe tun asuba, su ƙare sa'o'i a cunkoso, domin birnin ya bazu ya bar tsakiyarsa ba mazauna. Gari yana cin gonaki yana tafiya, kowane sabon rukunin gidaje yana bukatar titi da bututun ruwa da turakun wuta nasa. Benayen da ake magana a kansu suna dab da babbar tashar jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka ƙaddamar a 2018 aka kuma dawo da shi aiki a 2024, kuma a ko'ina a duniya kusa da tasha ne ya fi dacewa a tara jama'a. Kuskuren ba tsayin ba ne. Kuskuren shi ne gidajen da ke ciki sun fi ƙarfin ma'aikacin da ke bukatar zama kusa da aikinsa.

Injiniya_Bichi:
Ɗan_Mararaba ya yi gaskiya game da bazuwar gari, sai dai tsayi yana da tsada a kansa. Da zarar gini ya wuce wani mataki, sai an ƙara lifta, an faɗaɗa ginshiƙai, an yi ƙaƙƙarfar cibiya ta kankare a tsakiya don ta riƙe shi daga kaɗawar iska, an sa famfunan tura ruwa mataki-mataki, kuma duk waɗannan suna cin filin da za a ba da haya. Shi ya sa gida a hawa na ashirin ba zai taɓa zama na mai ƙaramin albashi ba sai da tallafi. Idan tara jama'a ake nema, benaye masu hawa huɗu zuwa shida da ke jere a bakin titi, shaguna a ƙasa gidaje a sama, suna ɗaukar mutane da yawa, kuma ana iya hawansu da ƙafa ranar da babu wuta. Yawancin tsakiyar birnin Paris bai wuce hawa shida ko bakwai ba, kuma yana cikin birane mafi cikowa a Turai.

Tsohon_Ma'aikaci:
A garin Shibam na ƙasar Yaman akwai benayen ƙasa da suka haura hawa biyar tun ɗaruruwan shekaru, an jera su kusa da juna har suna yi wa lunguna inuwa, tagoginsu ƙanana. Ban ce a gina ofishin banki da tubali ba, amma kaurin bango da ƙanƙantar taga da inuwar lungu darussa ne da maginanmu na gargajiya ma suka sani.

Mai_Zanen_Gini:
Ina komawa ga tambayar farko. Babban birnin ƙasa yana bukatar wasu dogayen ofisoshi a tsakiyarsa, ban ga laifin hakan ba, kuma filin da ke kan titin Constitution wuri ne da aka tanada domin irinsu. Inda nake tare da Ɗan_Garki shi ne cewa ana iya yin hawa 22 da fuskar da ta san inda rana take fitowa da inda take faɗuwa: gilashi a arewa da kudu ƙarƙashin inuwa, ƙarafa ko bango mai huji a gabas da yamma, rumfa a ƙasa domin masu wucewa. Tsarin asali na wurin ya ƙunshi ƙarin gine-gine da ba a ta da ba tukuna, saboda haka dama tana nan.

Hajiya_Wuse2:
To ni sai in tambayi Lauya, shin akwai hanyar da hukumar ba da izini za ta tilasta wa mai gini ya nuna yawan wutar da gininsa zai riƙa ci a shekara kafin a sa masa hannu, kamar yadda ake neman sakamakon gwajin ƙasa? Domin muddin mai haya ne kaɗai ke ganin takardar kuɗin dizal, mai gini ba shi da dalilin canja zanensa.

Lauya_Kaduna:
Akwai ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2017, Hajiya, kuma ta yi magana a kan girman taga idan aka kwatanta da bango da kuma yi mata inuwa. Amma izinin gini a jihohi yana hannun hukumomin jiha ne, sai kowace ta shigar da ƙa'idar cikin sharuɗɗanta kafin ta hau kan mai gini. Wanda ke da masaniya a kan yadda sashen kula da gine-gine na Abuja yake aiki da ita a yanzu, ya taimaka mana da bayani.